Tambayoyi da Amsoshi Kan Yadda Rundunonin Soji Ke Sayen Tantunan Killace Masu Cututtuka Masu Saurin Yaɗuwa

Duk wanda aikinsa ya haɗa shi da lafiyar sojoji ko sayen kayan runduna zai ga tambayoyi iri ɗaya suna ta dawowa idan aka zo batun tantin killacewa. An tattaro su a nan, daga masu sauƙi zuwa masu zurfi, kuma ana iya karanta kowace amsa ita kaɗai.

Mene ne ainihin tantin killacewa na tafi-da-gidanka?

Ɗakin jinya ne da ake naɗewa ko a loda a mota ko jirgi, a kai shi inda ake buƙata, a kafa shi cikin sa'o'i, domin kwantar da majiyyacin da cutarsa ke da haɗari ga duk wanda ya matso kusa da shi. Wani tanti ne na roba mai kauri da ake hurawa ko a ɗora a kan ƙarafa. Wani kwantena ce ta ƙarfe da aka mayar ɗaki. Akwai kuma ƙarami, wanda bai wuce tsawon gado ba, na mutum ɗaya.

Abu uku ne suka raba shi da tantin asibitin soja na yau da kullum. Iskar ciki ba ta fita sai ta bi ta mataci. Akwai zaure tsakanin ɗakin majiyyaci da waje, inda ma'aikaci ke cire kayan kariya. Sannan duk abin da ya fito daga jikin majiyyaci yana da hanyar da zai bi ba tare da ya taɓa kowa ba. In ɗaya daga cikin ukun nan ya ɓace, to tanti ne kawai, komai sunan da aka liƙa masa.

Me ya haɗa soja da wannan harka? Ba aikin ma'aikatar lafiya ba ne?

Soja yana da dalilinsa na kansa. Bariki da sansani da jirgin ruwan yaƙi wurare ne da ɗaruruwan mutane ke kwana kafaɗa da kafaɗa, suna ci tare, suna shaƙar iska ɗaya. A yaƙin duniya na ɗaya, murar 1918 ta kashe sojojin Amurka kusan 45,000, alhali waɗanda suka mutu a fagen daga kusan 53,000 ne. A 2020 korona ta kama sama da mutum 1,200 a jirgin ruwan Amurka mai ɗaukar jiragen yaƙi, Theodore Roosevelt, har ya shafe makonni a tsaye a tsibirin Guam. Takwaransa na Faransa, Charles de Gaulle, shi ma sama da mutum 1,000 suka kamu a cikinsa.

Dalili na biyu shi ne soja ke da manyan jiragen dakon kaya da injiniyoyi da janareto da mutanen da suka saba kafa sansani a inda babu komai. Lokacin da Ebola ta fi ƙarfin asibitocin Afirka ta Yamma, shugabar ƙungiyar likitoci ta MSF, Dokta Joanne Liu, ta tsaya gaban wakilan ƙasashe a Majalisar Ɗinkin Duniya ranar 2 ga Satumba 2014 ta roƙe su su turo ƙwararrunsu, farar hula da soja. Wannan ƙungiya ce da aka sani da nesanta kanta da masu kaki, don haka roƙon ya nuna inda tura ta kai. Amurka ta tura sojoji kusan 3,000 zuwa Laberiya, Birtaniya ta nufi Saliyo, Faransa kuma Gini.

Waɗanne cututtuka ake nufi?

Gida biyu ne. Na farko su ne masu bin jini da amai da gudawa da sauran ruwan jiki, irin su Ebola da Marburg da zazzaɓin Lassa. Na biyu su ne masu bin numfashi, irin su SARS da MERS da korona da tarin fuka mai bijire wa magani. Agana ma tana cikin lissafin masu tsara kariyar soja, duk da cewa tun 1980 aka shelanta kawar da ita daga duniya. Wannan rabo yana da nauyi ga mai saye, domin tantin da ya dace da gida ɗaya ba lallai ya gamsar da ɗayan ba. Amsar da ke kan Ebola da matacin iska a ƙasa ta yi ƙarin bayani.

Yaya ake hana iskar ciki fita?

Ana sa fanka ta riƙa zuƙe iska daga ɗakin fiye da wadda ke shiga. Sai matsin iskar ciki ya ɗan yi ƙasa da na waje, ta yadda duk wata kafa ko ɓula, iska za ta riƙa kutsowa ciki ne maimakon ta fita. Iskar da fankar ta zuƙo kuwa sai ta ratsa mataci na musamman da ake kira HEPA, wanda ke tare kashi 99.97 cikin 100 na ƙura mai girman maikiron 0.3 (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), kafin a sake ta. Ƙa'idar hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ga sabon ɗakin killacewa na asibiti ita ce bambancin matsi kada ya gaza faskal 2.5 (faskal shi ne ma'aunin matsin iska), kuma iskar ɗakin ta sabunta aƙalla sau 12 a sa'a.

Ana iya ganin abin da ido. Ka riƙe siririyar takarda mai laushi a ƙasan ƙofar zaure: in tsarin yana aiki, za ka ga bakinta ya lanƙwasa ciki kamar ana jan ta. In ta tsaya cak, ko ta karkato wajenka, to kada kowa ya shiga sai an gano dalili.

Sai dai faskal 2.5 abu ne ƙanƙani ƙwarai, kuma an tsara shi ne don ɗaki mai bangon siminti. Tanti yana fili, iska tana bugun sa, bangonsa yana motsi, kuma ɗan kaɗawar iska ma ya fi wannan matsi ƙarfi. Shi ya sa mai saye da ya san aikinsa ke neman tazarar da ta fi haka, da ma'auni a jikin ƙofa, da ƙararrawar da za ta yi kuka da zarar matsin ya faɗi.

Tunda Ebola ba ta bin iska, me ya sa ake kashe kuɗi a kan matacin iska?

Saboda wasu ayyukan jinya, kamar zura bututun numfashi ko zuƙe majina, suna feso ƙananan ɗigo a iska. Kuma sau da yawa ana killace mutum tun kafin gwaji ya tabbatar da abin da ke damun sa. A cikin jirgin sama kuwa, inda matuƙa da likitoci ke rufe tare da majiyyaci na sa'o'i, ba wanda zai yarda a yi caca.

Amma a faɗi gaskiya, yawancin cibiyoyin jinyar Ebola na 2014 ba su da irin wannan fanka. Abin da ya kare ma'aikata shi ne tsarin fili: ɓangaren haɗari daban, ɓangaren aminci daban, tafiya ta fuska ɗaya ba a komowa baya, ƙasa mai wankuwa, da ruwan kulorin a kowace mashiga. Rundunar da ta zuba kuɗinta duka a kan iska ta manta da daɓe da magudana, ta yi rufin ƙofa da ɓarawo.

Ai sojoji sun daɗe da tantunan kariya daga iskar guba. Ba za su yi wannan aikin ba?

Ba za su yi ba, domin aikinsu kishiyar wannan ne. Tantin kariya daga makami mai guba ana hura masa tatacciyar iska har matsin ciki ya fi na waje, don kada guba ta shigo. Ka kwantar da mai cutar numfashi a ciki, to tantin da kansa zai riƙa tura iskarsa waje ta kowace kafa. Akwai kayan da aka ƙera su iya juyawa tsakanin yanayin biyu, amma dole takardar kwangila ta faɗi haka ƙarara, kuma a gwada kowane yanayi daban.

Iri nawa ne, kuma wanne ya dace da wane aiki?

Akwai na jinya a ƙasa, akwai na jigila. Na ƙasa su ne tantuna da kwantenoni da ake haɗawa su zama ƙaramin asibiti, kamar wanda sojojin Amurka suka kafa kusa da filin jirgin saman Roberts a Laberiya mai gado 25 don ma'aikatan lafiya, ko cibiyar Kerry Town da sojojin Birtaniya suka gina a Saliyo aka buɗe a Nuwamba 2014.

Na jigila kuma kashi biyu ne. A na farko, majiyyaci ne kaɗai ke cikin ƙaramin ƙunshi na roba mai haske, likita yana waje yana zura hannu ta safar da ke manne a jikin ƙunshin. Irinsa ne sojojin saman Birtaniya suka ɗauko ma'aikacin jinya William Pooley da shi daga Saliyo a Agusta 2014 zuwa asibitin Royal Free na Landan, kuma irin tsarinsa ne EpiShuttle na kamfanin EpiGuard na ƙasar Norway, sai dai shi murfinsa mai tauri ne. A kashi na biyu, likita yana shiga ciki da kayan kariya. Wannan ya haɗa da tantin kamfanin Phoenix Air da aka kafa cikin jirgin Gulfstream aka kai Dokta Kent Brantly Atlanta a Agusta 2014, da TIS da NPC, wato ɗakunan killacewa iri biyu da sojojin saman Amurka ke lodawa a cikin jiragen dakon kaya.

Kowanne da kuɗinsa na ɓoye. Ƙaramin ƙunshi yana sauƙaƙa wa ma'aikaci, amma hannun da ke cikin safa mai kauri ba ya iya komai da komai idan majiyyaci ya rikice. Babban ɗaki yana ba da damar cikakkiyar jinya, sai dai yana cin fili da mutane da kayan kariya.

Yaushe aka fara yin irin waɗannan kayan?

Tun shekarun 1970, bayan bayyanar Marburg a 1967 da Lassa a 1969 da Ebola a 1976. Ƙunshin da Birtaniya ke amfani da shi ya samo asali ne daga aikin Philip Trexler, wanda ya fara ƙera ɗakunan roba don kiwon dabbobin bincike da ba su da ƙwayoyin cuta. Cibiyar binciken cututtuka ta sojan Amurka da ke Fort Detrick ta riƙe wata tawaga ta ɗauko irin waɗannan majiyyata tun ƙarshen shekarun 1970, aka rushe ta a 2010. Shekara huɗu bayan haka Ebola ta ɓarke, ta kama sama da mutum 28,000, ta kashe sama da 11,000, ita kuma Amurka ta koma dogaro da jirgin kamfani mai zaman kansa da ke ɗaukar mutum ɗaya a kowane sawu. Wannan giɓi ne ya haifar da TIS, wanda kamfanin Production Products na St. Louis ya ƙera aka nuna shi a Janairu 2015.

Wane mataki ake bi kafin a saya?

Farawa ake yi da buƙata, ba da kaya ba. Likitocin runduna da masu tsara ayyuka su ne za su rubuta abin da ake son cimmawa: mutum nawa, wace irin cuta, kwana nawa, a wane yanayi, da wane abin hawa. Daga nan ofishin saye ya fitar da sanarwar neman bayani, don a san kamfanonin da ke da irin kayan. Kamfanoni da yawa suna ɗaukar wannan sanarwa a matsayin alƙawarin kwangila, alhali leƙen kasuwa ce kawai. Bayanta ne takardar neman tayi ke fitowa, a tantance, a nemi samfuri, a gwada, sannan a sa hannu.

Kowace ƙasa da dokarta. A Amurka ana wallafa sanarwar a shafin SAM.gov, kuma dokar Berry, wadda asalinta ya koma 1941, ta wajabta wa ma'aikatar tsaro sayen tanti da yadin da aka yi a cikin ƙasar. In kayan sun shiga sahun na'urorin jinya, hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, FDA, ma tana da ta cewa. Ƙasashen NATO kuma suna iya haɗa buƙatunsu su saya tare ta hukumar NSPA da ke Luxembourg, abin da ke sa kayan wannan runduna su dace da na waccan.

Me ya kamata takardar buƙata ta ƙunsa?

Ta faɗi abin da za a iya aunawa. "Mai saurin kafawa" ba magana ba ce da za a kama kamfani da ita. A rubuta mutum nawa za su kafa shi, cikin minti nawa, da dare ko da rana, da kayan aiki ko da hannu. A rubuta matsin iska da yawan sabuntawarta, da zafi da sanyin da zai jure, da ƙarfin iska da ruwan sama. A rubuta minti nawa batir zai riƙe fanka idan janareto ya mutu, domin fankar da ta tsaya ta mayar da ɗakin tanti kawai. A rubuta sinadaran da za a riƙa wanke shi da su, tunda kulorin yana cin ƙarfe, yana kashe zif, yana busar da roba.

Sai batun ɗauka. Faletin jiragen dakon kaya na sojan Amurka, wato shimfiɗaɗɗen farantin da ake ɗaure kaya a kai, wanda ake kira 463L, faɗinsa inci 88 ne da 108, kuma C-130 yana ɗaukar 6, C-17 yana ɗaukar 18. Tantin da ya zarce faletin da taƙi ɗaya ya zama kayan sito. Haka ma faɗin ƙofa: a tabbatar gadon ɗaukar majiyyaci zai shige da mutane a gefensa biyu, sanye da kaya masu kumbura. A ra'ayina, duk takardar da aka rubuta ba tare da ma'aikaciyar jinyar da ta taɓa aiki cikin kayan kariya ta duba ta ba, akwai abin da aka manta a cikinta. Dubi amsoshin da ke kan shara da kan ma'aikata don sauran abin da ya kamata ya shiga.

Yaya ake gwada shi kafin a karɓa?

Ana fesa ƙura marar cutarwa a ciki, a kafa na'urorin ƙirga a waje, a ga ko wani abu ya tsallake, har da lokacin da mutum ke shiga da fita. Ana gwada jure zafi da ƙura da jijjiga bisa ma'aunin soja irin MIL-STD-810. In na jirgi ne, sai an tabbatar na'urorinsa ba za su rikita na matuƙi ba, kayansa ba sa saurin kama wuta, kuma ƙunshin ba zai fashe ba idan matsin iskar jirgin ya faɗi farat ɗaya a sama. Izinin hawa jirgi iri ɗaya ba ya wucewa zuwa wani iri.

Gwajin da ya fi tona asiri shi ne na ƙarshe. A ba sojojin da za su yi aiki da shi, ba injiniyoyin kamfani ba, su kafa shi da littafin bayani kaɗai, su kwantar da wani a matsayin majiyyaci, su yi yini da kwana. A nan ne ake gano zif ɗin da ke cijewa, da fitilar da ba ta kai kan gado, da ƙarar fankar da ke hana likita jin abin da abokin aikinsa ke faɗa.

Ba za a iya jira sai annoba ta ɓarke sannan a saya cikin gaggawa ba?

Ana iyawa, kuma an yi. A ƙarshen Maris 2020 rundunar sufuri ta Amurka ta gabatar da buƙatar gaggawa, aka mayar da kwantena mai tsawon ƙafa 40 ɗakin killacewa mai ɗaukar sama da mutum 20 a zaune. Wannan ce NPC, kuma cikin kimanin wata uku ta fara aiki. Amma ƙasa ce mai kuɗi da masana'antu da gogewar TIS a hannu.

Darasin Laberiya ya fi ɗaci. An tsara gina cibiyoyi 17 masu gado 100 kowacce, amma kafin yawancinsu su kammala, annobar ta fara ja da baya. A Afrilu 2015 jaridar New York Times ta ruwaito cewa majiyyatan Ebola 28 kacal aka yi jinya a cibiyoyi 11 da sojojin Amurka suka gina, kuma 9 daga ciki ba su taɓa karɓar ko mutum ɗaya mai Ebola ba. An yi aikin da zuciya ɗaya, sai dai ya zo a makare, a daidai lokacin da mutane suka riga suka mutu a ƙofar cibiyoyin da suka cika.

TIS ma bai riski Ebola ba. Sai a Afrilu 2020 aka fara ɗaukar majiyyata na gaske da shi, mutum 3 masu korona daga Afganistan zuwa sansanin Ramstein a Jamus. Wasu za su ce shekara biyar yana zaune. Ni kuwa ina ganin a nan ne kwalliya ta biya kuɗin sabulu, domin a shekarun nan an yi ta atisaye da shi, kuma ranar da aka buƙace shi an tarar da kaya da mutanen da suka san shi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wanne ya fi, saye ko haya?

Ya danganta da yawan buƙata. Rundunar da ba ta da babban jirgi za ta fi cin riba in ta sayi tantunan ƙasa da 'yan ƙananan ƙunshi, ta ƙulla yarjejeniyar jigila da kamfani ko ƙasa ƙawa. Haɗarin haya shi ne lokacin annoba kowa ƙofa ɗaya yake bugawa, kuma wanda ya riga ya sa hannu shi ake fara ji.

Ina kuɗin ke tafiya bayan an saya?

Kuɗin tantin shi ne ƙaramin kaso. Mataci yana da wa'adi, safar hannu da ke jikin ƙunshi tana tsufa ko ba a taɓa ta ba, batir yana mutuwa a ajiye, roba da aka naɗe ta shekara a kwantena mai zafi tana mannewa ko ta tsage a kan lanƙwasa. Ga man janareto, ga na'urar sanyaya ɗaki, ga kayan kariya da ake ƙonewa bayan kowace shiga. Sojoji kuma ana yi musu canjin wurin aiki, don haka wanda aka horar bana ba lallai a same shi baɗi ba.

Kwangila mai kyau tana haɗawa da kayan gyara na shekaru, da horo mai maimaituwa, da jadawalin buɗe kayan a kafa su a duba. A kuma tambaya tun farko ko matacin na kowa ne ko sai na kamfanin kaɗai, domin kamfani yana iya rufewa. Araha ba ta ado, musamman a kayan da ake ɗora rai a kansu.

Yaya ake yi da shara da ƙazantar majiyyaci?

Wannan ita ce tambayar da aka fi tsallakewa a takardun saye, kuma ita ce ke fara kayar da cibiya. Mai Ebola da cutar ta yi wa tsanani yana iya zubar da lita 5 ko fiye a rana ta gudawa da amai, kuma kowane ɗigo yana ɗauke da cutar. Ga zannuwa, ga allurai, ga tulin kayan kariya. A fagen aiki an saba amfani da ruwan kulorin mai ƙarfin kashi 0.5 cikin 100 don wanke kaya da daɓe, da mai kashi 0.05 don hannu. Busasshiyar shara kuma ko a ƙone ta a tanderu na musamman, ko a dafa ta da tururi mai zafin digiri 121 kafin ta bar wurin. Dokokin sufuri na duniya sun sa irin wannan shara a rukuni mafi haɗari, don haka ba kowace mota ce za ta ɗauke ta ba. Mai saye ya tambayi kansa: banɗakin yana ina, ruwansa ina zai tafi, wa zai ɗauki bokitin, ta wace ƙofa? Ya kuma yi tanadin yadda za a fitar da gawa cikin aminci da mutunci, domin gawar mai Ebola tana cikin abubuwan da suka fi yaɗa cutar.

Wane irin horo ma'aikata ke buƙata?

A annobar Afirka ta Yamma, sama da ma'aikatan lafiya 800 ne suka kamu, sama da 500 suka rasu. Mafi haɗarin lokaci shi ne na cire kaya. Ma'aikaci ya fito bayan kusan sa'a ɗaya cikin riga marar shan iska, tabaransa ya yi hazo, gumi ya taru a takalminsa har yana jin motsinsa, hannunsa yana rawa, ga ƙishirwa. Abin da ransa ke so shi ne ya fizge komai ya share fuska. A nan ne ake buƙatar mutum na biyu a tsaye a bakin layi yana karanto masa mataki ɗaya bayan ɗaya: wanke safa, cire wannan, sake wankewa, kada ka taɓa wuya.

Shi ya sa girman zaure da haskensa da madubin da ke ciki suke da muhimmanci kamar fanka, haka ma na'urar sanyaya ɗaki, wadda ke ƙara wa ma'aikaci mintunan da zai iya tsayawa kan majiyyaci. Sannan a lissafa adadin mutane da gaskiya. Gado ɗaya yana cin ma'aikata da yawa a yini, kuma bayan aiki akwai zaman sa ido. Sojojin Amurka da suka dawo daga Laberiya sai da aka keɓe su kwana 21, wato iyakar kwanakin da Ebola ke ɗauka kafin ta bayyana.

Shi majiyyacin fa, yaya yake ji a ciki?

Yana cikin tsoro, yana jin ƙarar fanka dare da rana, kuma duk wanda ya zo kansa ba ya ganin fuskarsa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin mutanen da ke tsoron wurin killacewa suna ɓoye ciwonsu, ɓoyewar kuma ita ke ciyar da annoba. Ƙungiyar likitoci ta ALIMA ta fito da wani ɗaki mai bangon roba garai-garai da ake kira CUBE, aka yi aiki da shi a gabashin Kwango daga 2018. Likita yana duba majiyyaci daga waje ta hannayen riga da ke manne a bango, fuskarsa a buɗe, 'yan'uwa kuma suna zama a gefe suna ganin nasu suna magana da shi. Rundunonin soji suna da abin koyo a nan. Taga, da na'urar magana, da labulen sutura, da hanyar kiran gida ba kayan alatu ba ne, kuma sai an rubuta su a takardar buƙata kamfani zai sa su.

Sayen irin wannan kaya yana nufin ƙasa tana shirin makami mai yaɗa cuta?

A'a. Yarjejeniyar haramta makaman ƙwayoyin cuta ta 1972, wadda ta fara aiki a 1975, ta hana ƙerawa da tarawa, amma ta bar ƙofar rigakafi da kariya a buɗe. Tantin killacewa kayan jinya ne, kuma yawancin sanarwar sayensa a fili ake wallafa su.

Farar hula za su iya amfana da kayan da soja ya saya?

Suna iyawa, in an shirya tun da wuri wa ke ba da umarni, wa ke biyan mai, wane asibiti ne zai karɓi majiyyaci. Ƙa'idojin Oslo na ayyukan agaji sun ce kayan sojan ƙasashen waje su zama mafita ta ƙarshe, kuma ragamar aikin ta kasance a hannun farar hula. A yankin da ake rikici, ganin kaki a ƙofar cibiya yana iya korar masu ciwo. A Kerry Town an raba aikin: ƙungiyar Save the Children ta riƙe babban ɓangaren, likitocin soja suka riƙe ƙaramin da aka ware wa ma'aikatan lafiya. Ya kamata kuma a gwada tun kafin ranar ko ƙunshin soja yana shiga motar asibitin farar hula da lif ɗin asibitin.

Bayan an sallami majiyyaci, me ake yi da tantin?

Ya danganta da yadda aka ƙera shi, kuma wannan ma a takardar saye ake yanke shi. Tantin Phoenix Air na sawu ɗaya ne: ana kashe ƙwayoyin cutar da ke jikinsa, a naɗe shi, a ƙone. Masu jiki mai tauri da kwantenoni ana wanke su da sinadari, sau da yawa a bi da tururin haidurojin feroksaid, a ajiye ƙananan alamun gwaji a lunguna don tabbatar da cewa tururin ya kai ko'ina. Matacin da ya yi aiki shara ce mai haɗari, cikin jaka ake zare shi ba tare da ya ga sarari ba. Daga nan a sa sabo, a duba kowane zif da kowace safa, a sake auna matsin iska, a cike gurbin kayan da aka yi amfani da su, a rubuta kwanan wata a jikin akwatin kafin a mayar da shi sito.